In Haihuwa Ta Yi Jinkiri, Me Ya Sa Ba A Auna Maigida?

Ungozomar Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau zan fitar da ita, wanda ransa zai ɓaci ya yi haƙuri. A wajen aikinmu da wuya mako ya wuce ba mace ta zo da kukan rashin haihuwa ba. Za ka ganta da leda cike da takardu, ga hoton mahaifa, ga gwajin jini, ga hoton nan na bututun ƙwai wanda duk macen da aka yi wa ta san zafinsa. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta yi hayaƙi, an kai ta ruƙiyya. Da ka ce mata, maigidan fa, an taɓa auna shi? Sai ta sunkuyar da kai. Wata ta ce bakinta ba zai iya furta masa ba. Wata ta ce ta faɗa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Alhali abin da likitoci suka tabbatar shi ne, cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai matsala a ɓangaren namiji, ko dai shi kaɗai ko su biyun. Kuma gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da arha, babu allura babu yanka. Ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke nan su yi mana bayanin abubuwan da ke hana namiji haihuwa, maza kuma su gaya mana abin da ke hana su zuwa.

Baban Sadiq, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malama, da girmamawa, amma akwai abin da ban gane ba. Namijin da yake biya wa iyalinsa buƙata, ƙarfinsa daidai, yana kawowa kamar kowa, ta ina matsala za ta fito daga wajensa? Ni a sanina wanda ba ya haihuwa shi ne wanda gabansa ba ya aiki, kuma wannan ai ba ya ɓoyuwa, matarsa ta sani tun daren farko.

Mai Ɗakin Gwaji, Gawon Nama:
Baban Sadiq, wannan fahimtar ita ce ta hana dubban maza zuwa wurinmu, don haka bari in tsaya a kanta. Ƙarfin gaba daban, haihuwa daban. Ruwan da kake gani ya fito, mafi yawansa ba daga maraina yake ba. Wasu jakunkuna ne a bayan mafitsara da kuma ƙullin nan da ke ƙarƙashinta suke samar da shi. Ƙwayoyin haihuwa, waɗanda maraina ke ƙerawa, ba su kai kashi 5 cikin 100 na ruwan ba, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kamar motar haya ce da ta taso daga tasha da gudu, injinta lafiya, amma babu fasinja ko ɗaya a ciki. Na sha ɗora maniyyi mai kauri, fari tas, a ƙarƙashin madubi in duba lungu da saƙo ban ga ƙwaya ɗaya ba. Na kuma ga mai ruwa-ruwa wanda ƙwayoyi ke ta iyo a cikinsa.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna ƙaramin abin da ake so a gani: ruwan ya kai mililita 1.4, a samu ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 gaba ɗaya, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 30 suna tafiya gaba sosai, sannan aƙalla kashi 4 masu kyakkyawar sura. Wanda ya gaza haka ba a ce ba zai taɓa haihuwa ba, damar ce ta ragu. Wanda babu ƙwaya ko ɗaya kuwa, kusan namiji 1 ne cikin 100.

Baban Sadiq, Arkilla:
To na ji wannan. Amma matan ai su da kansu suke cewa ruwan yana zubowa bayan an gama, jikinsu ba ya riƙewa. Wannan ba daga mace ba ne?

Ungozomar Mabera:
A'a Baban Sadiq, kowace mace haka take, har mai 'ya'ya goma. Maniyyi yana tsinkewa bayan 'yan mintoci, ruwan ya dawo, ƙwayoyin da za su wuce sun riga sun wuce. Mata da yawa sun kashe kuɗinsu a hakin maye da matsi saboda wannan zancen, wasu har sun jawo wa kansu ciwo.

Dakta, Runjin Sambo:
Allah ya saka wa Malama da alheri da ta buɗe wannan magana. Da farko, ba a kiran abu rashin haihuwa sai ma'aurata sun shekara suna tare, suna saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. In matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa a nemi likita. Kuma abin ba na mutum ɗaya ba ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da shi a rayuwarsa.

Abin da muka fi samu a maza wanda kuma ake iya gyarawa shi ne kumburin jijiyoyin maraina, wanda muke kira barikosil. Jijiyoyin da ke mayar da jini sama ne suke saki, jini ya taru ya ɗumama maraina. Yawanci a hagu yake. Mutum zai ji nauyi ko ɗan ciwo in ya daɗe a tsaye, in ya shafa ya ji jijiyoyi sun yi curi-curi a saman ƙwayar, in ya kwanta su lafa. Wasu ba su jin komai sam. Kusan maza 15 cikin 100 suna da shi kuma da yawansu suna haihuwa lafiya, amma cikin masu neman haihuwa adadin yana kaiwa kusan 40 cikin 100. Ƙaramin aiki ake yi a ɗaure jijiyoyin. Kada a haɗa shi da gwaiwa ko ƙaba, kowanne daban ne.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna a ƙasarmu, toshewar hanya sakamakon cutar da aka ɗauka ta saduwa. Ciwon sanyi mai fitar da mugunya da kuma kilamidiya, wadda sau da yawa ba ta nuna alama, suna hawa har siririn bututun da ke naɗe a bayan maraina. Saurayi zai ji zafin fitsari, kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya je kemis a haɗa masa kafso na kwana biyu, zafin ya lafa ya ce ya warke. Cutar na nan tana ci a ciki har wurin ya yi tabo ya toshe. Bayan shekaru ya yi aure, maraina na aikinsu, amma ƙwayoyin ba su da hanyar fita. Kuma shi ne zai shafa wa matar, nata bututun ma ya lalace, a wayi gari ana nuna ta da yatsa.

Sai hangum. In yaro ƙarami ya yi, yawanci yana wucewa lafiya. In ya kama wanda ya balaga, yana iya sauka maraina su kumbura, daga baya wanda ya kumbura ya motse. In ɓangare ɗaya ne, ɗayan yana riƙe aikin. In duka biyun ne, ƙwayoyi na iya raguwa ƙwarai. Tarin fuka ma yana kama wannan wuri, ba huhu kaɗai ba.

Akwai kuma wanda da shi aka haifi mutum. Wani namijin yana zuwa da ƙarin ƙwayar halitta guda, abin da ake kira Kilainfelta, kusan 1 cikin 600. Zai girma da ƙananan maraina masu tauri, gemu kaɗan, wani lokaci da ɗan nono. Wani kuma ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba maraina umarni ne ba ya aiko da saƙo, kuma irin wannan sau da yawa magani yana tayar da shi. Bayan duk bincike, akwai kaso mai yawa da ake ganin ƙwayoyin sun yi ƙaranci amma ba a gano takamaiman dalili ba.

Direban Tirela, Kwannawa:
Likita ranka shi daɗe, ga tambayata. Ana cewa zahi na kashe ɗiyan maniyyi. To in haka na, mu mutanen Sakkwato ai da mun ƙare tuni. Wanga gari da zahi ka wuce 40 cikin bazara, amma ko'ina ka duba ɗiya na. Kuma ni kwana da kwanaki nika yi bisa kujera, in ɗauko albasa ko shanu har Legas, injin na ƙarƙashina. Mi za ka ce game da irinmu da 'yan kabu-kabu?

Dakta, Runjin Sambo:
Tambayarka tana kan hanya, Alhaji, kuma ba zan kambama abin ba. Gaskiya ne maraina suna son su fi sauran jiki sanyi da kamar digiri 2 zuwa 3, shi ya sa Allah ya rataye su a waje. Amma fatar tana da nata tsari, in zafi ya yi ta saki ta yi gumi, in sanyi ya yi ta tattare. Don haka zafin gari kaɗai bai isa ya hana lafiyayyen namiji haihuwa ba, shaida kuwa ga ta, muna cikin jihohin da suka fi yawan haihuwa. Inda abin yake tasiri shi ne a hana fatar yin aikinta: zama wuri ɗaya na awanni cinyoyi a haɗe, matsattsen gajeren wando na roba, tsayuwa gaban tanderun burodi ko maƙera yini guda, ɗora kwamfuta a cinya. Ga mai ƙwayoyi miliyan 80 wannan ba zai gani ba. Ga wanda nasa ke kan gaɓa, shi ne zai tura shi ƙasa. Ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa, ka sa wando mai sakewa na auduga. Abin daɗin shi ne illar zafi tana janyewa. Ƙwaya tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, don haka duk gyaran da mutum ya yi sai bayan wata uku ake ganin amfaninsa. Haka ma zazzaɓi mai zafi, ko na cizon sauro ko taifot, yana iya karya ƙwayoyi na tsawon wannan lokaci.

Amma tun da kai ka kawo maganar direbobi, abin da ya fi zafin inji illa shi ne abin da wasu ke haɗiya don su jure hanya. Tiramol da kodin suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, sinadarin mazakuta ya sauka, ƙwayoyi su ragu, daga baya sha'awar ma ta mutu. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Najeriya tun 2018, amma kowa ya san bai ɓace ba. Taba, shisha, wiwi da giya duk suna cikin layi.

Direban Tirela, Kwannawa:
Awo, wagga magana gaskiya ta. Akwai yaran mota da ba su iya tashi sai sun sha. Allah shi shirya muna.

Manomin Albasa, Wurno:
Likita ban ji ka ambaci tsargiya ba. Mu nan yaranmu a gulbin Rima da hanyoyin ruwan noman rani suke wuni. Da muna yara in ka fara fitsarin jini har cewa ake yi ka zama namiji. Tana da alaƙa da wannan? Sannan maganin feshi fa? Mu da hannu muke dama shi, mu goya tanki ya jiƙa mana riga har wando.

Dakta, Runjin Sambo:
Ka kyauta da ka tuna mini. Tsargiya tsutsa ce da ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fata ta shiga jini. Ƙwayayenta ba a mafitsara kaɗai suke maƙalewa ba, suna zama a jakunkunan da ke yin ruwan maniyyi, su kawo kumburi da tabo, wani har ya ga jini a maniyyinsa. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma maganinta firazikwantal, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, a sha a rana ɗaya. Mutanen Goronyo, Wurno, Kwalkwalawa da duk masu zama bakin ruwa, in an zo rabon maganin a makaranta kada a hana yara.

Maganin feshi kuwa akwai tarihi. A 1977 aka gano ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya ta Amurka sun daina haihuwa saboda wani maganin tsutsar ƙasa mai suna DBCP, daga baya aka hana shi. Ba kowane maganin feshi ne haka ba, amma ya isa ya sa ka kiyaye: safar hannu, rufe hanci, kada ka yi feshi iska na maido maka, ka yi wanka ka canza kaya kafin ka ci abinci. Dalma ma tana lalata ƙwayoyi. Masu fasa batir da masu haƙar zinare su lura, mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010.

Mai Sassaƙe, Kara:
Ku 'yan boko kullum sai ku nuna kamar kafin asibiti ba a haihuwa. Mun gada tun kakanni, mun san sanyi da basir su ke kashe namiji, kuma mun ba mutane magani sun haihu. Ba duk abu ne sai madubi ba.

Dakta, Runjin Sambo:
Baba, ban raina itatuwa ba, magungunan asibiti da dama daga tsirrai aka samo su. Amma ina so mu yi wa juna adalci. Wanda bututunsa ya toshe da tabo, babu abin sha da zai buɗe shi, na gargajiya ko na asibiti, sai aiki. Basir kuma ba ya taɓa maraina. Waɗanda suka sha magani suka haihu, da yawansu dama masu ƙarancin ƙwaya ne da lokaci zai iya ba su ciki. Roƙona ɗaya ne: wanda ya zo maka, ka ce ya fara kawo takardar gwaji. In ya shekara biyar yana gwada jiƙo, shekarun matarsa ne ke tafiya, kuma ƙwan mace yana raguwa sosai bayan 35.

Kuma laifin ba naku kaɗai ba ne, namu ɓangaren ma akwai ɓarna. Ana yi wa maza allurar testostiron, wato sinadarin mazakuta, a kemis da sunan ƙarin ƙarfi, matasa masu ɗaga ƙarfe ma suna yi don ƙwanji. Mutum zai ji ƙarfi kuwa, amma da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini sai ta daina ba maraina umarni, ƙwayoyi su sauka har su kai babu. Bayan an daina yakan ɗauki watanni, wani fiye da shekara, kafin su dawo. Mai neman haihuwa ya guji wannan allura. Haka magungunan maza na kwalba da ake yawo da su, an sha samun an zuba musu ƙwayar ƙarfin gaba ta bature ba a rubuta ba, ga mai hawan jini ko ciwon zuciya wannan haɗari ne.

Maman Nana:
Ni abin a kaina ya faru, shi ya sa nake karantawa hawaye na zuba. Na yi shekaru a gidan aurena na farko. Babu sunan da ban sha ba, juya, mai cin ƙwanta, mai cika masai. Uwar mijina ta daina amsa gaisuwata. Duk gwajin da aka yi mini lafiya, likita ya rubuta takarda ya ce mijina ya zo, mijin ya yayyaga ta a gabana. Aka yi mini kishiya, ita ma shiru. Daga ƙarshe aka sake ni. Allah ya ba ni wani mijin, ga 'ya'yana ina goyo. Ba na yi masa dariya wallahi, addu'a nake masa, don na san yana cikin damuwa shi ma. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wataƙila abin da ke damunsa ƙaramin aiki ne, da ya je tun lokacin da yanzu yana da nasa.

Goggon Yara, Kanwuri:
Sannu ɗiyata, Allah shi saka miki. Gaskiya kinka hwaɗi, kuma mu uwaye muna da laihi babba. In ɗanmu yay yi shekara biyu babu haihuwa, mu ka fara cewa a ƙaro mata, ba mu taɓa cewa tai a duba ka. Ni da bakina na hwaɗa ma ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in kana son in sa baki ga zancen ƙarin aure, kawo min takardar likita tukuna. Ɗiyar mutane amana ta.

Baban Sadiq, Arkilla:
Allah ya ba ki haƙuri Maman Nana. Amma Likita, wanda yake da 'ya'ya da uwargida fa, ya auro amarya shiru? Wannan ai a fili yake daga amaryar ne.

Dakta, Runjin Sambo:
Ba lallai ba ne. Haihuwar da aka yi shekara goma da suka wuce shaida ce ta wancan lokacin. Barikosil yana ƙara ɓarna a hankali, shi ya sa ya fi yawa ma a cikin waɗanda suka taɓa haihuwa suka tsaya. Ciwon suga yana iya shigowa ya lalata jijiyoyi, har maniyyi ya riƙa komawa mafitsara maimakon ya fito, mutum ya ga ruwan ya ragu, fitsarinsa bayan saduwa ya yi fari-fari. Ƙiba da tumbi suna sauya sinadaran jiki. Ga cutar da aka ɗauka daga baya, ga aikin ƙaba da ya taɓa bututu, ga maganin daji. Masu sikila ma suna da nasu, cutar kanta tana raunana maraina, kuma miƙewar gaba mai ciwo da ta wuce awa huɗu abu ne na gaggawa. Ka tambayi kanka, uwargidan yaushe rabonta da ciki? In ita ma ta daɗe shiru, to a auna maigida.

Wani Bawan Allah:
Ku yi haƙuri ban sa suna ba. In aka auna mutum aka ce babu ƙwaya ko ɗaya, alhali yana da yara a gida, ai an jefa shi cikin zargi. Wannan tsoron ne ke hana wasunmu zuwa.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah a kan wannan tunani, kada Shaiɗan ya shiga ta nan. Likita ya riga ya ce gwajin yau ba ya ba da labarin shekarun baya. Shari'a kuma ta rufe ƙofar, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Ba a rushe nasaba da zato.

Game da asalin maganar, Allah ya faɗa a Suratus Shura, aya ta 49 da 50, cewa yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa, kuma yana sanya wanda ya so ya zama marar haihuwa. Ayar ba ta ware mace ba. Rashin haihuwa jarrabawa ce, ba ta rage wa namiji daraja. Annabi Zakariyya ya kai tsufa yana roƙo. Kuma neman magani ba ya karo da tawakkali, hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da yake zunubi shi ne mutum ya san daga gare shi ne, ya ɓoye, ya bar matarsa tana shan gori da baƙar magana daga danginsa. Ita ma tana da haƙƙin samun ɗa. Ya gaya mata gaskiya, in ta zaɓi zama ta zauna da saninta.

Maman Nana:
Malam, in ta zaɓi tafiya fa? Mutane za su ce ba ta da haƙuri.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
In ta yi haƙuri tana da lada mai girma, in ta nemi rabuwa ta hanyar da shari'a ta tsara ba ta yi laifi ba. Mu da muke ba namiji uzurin ƙara aure don neman ɗa, bai kamata mu zagi mace a kan irin wannan buƙata ba.

Direban Tirela, Kwannawa:
To shi awon ga, ƙaƙa aka yin shi? Don gaskiya abin da kunya. Kuma Malam, ya halatta?

Mai Ɗakin Gwaji, Gawon Nama:
Babu wanda zai kalle ka, Alhaji. Za ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kada ya gaza kada ya wuce. Za mu ba ka kwalba mai tsabta. Kada a yi amfani da kwaroron roba na kasuwa, yana kashe ƙwayoyin. Kada kuma a yi ta hanyar zarewa ana cikin saduwa, domin ɗigon farko shi ya fi ƙwayoyi kuma shi ke zubewa. In a gida aka tara, ya iso mana cikin awa ɗaya, a sa kwalbar a aljihun da ke jikin fata, ba a firji ba, ba kuma a kan tankin babur cikin rana ba. In wani abu ya zube ka faɗa mana. Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, in ya fito da rauni ana maimaitawa, sau da yawa bayan wata uku. Ka kai takardar wurin likita ya fassara maka, kada ka tsaya ga abin da abokai za su ce. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai likitocin mafitsara, su ne masu wannan fanni.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
Ya halatta, neman magani ne. Mafi tsabta shi ne matarsa ta taimaka masa da hannunta, wannan babu ƙyama a cikinsa. Kada dai a yi da rana cikin azumin Ramadan, kuma wanka ya wajaba bayansa.

Wani Bawan Allah:
In an tabbatar babu ƙwaya, shi ke nan an rufe babi?

Dakta, Runjin Sambo:
A'a. Sai an duba dalili. In toshewa ce, maraina na nan suna aiki, ana iya gyara hanyar ko a zaro ƙwayoyin da allura. In saƙon ƙwaƙwalwa ne ya yanke, akwai allurai. Tun 1992 aka fara wata dabara a Beljiyam, a ɗauki ƙwaya guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa. Ana yi a Najeriya, sai dai kuɗin miliyoyin naira ne kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Akwai kuma waɗanda marainan ne suka daina ƙira gaba ɗaya, waɗannan gaskiya muke gaya musu don kada a yi ta cin kuɗinsu.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
Majalisun fiƙihu sun halatta wannan dashe da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, a mahaifarta, kuma auren yana nan. Karɓar maniyyin wani namiji haramun ne, ko da mijin ya yarda.

Sabon Uba, Tamaje:
Likita, karatun nan ya tayar mini da hankali a kan wani abu. Yarona tun da aka haife shi ƙwaya ɗaya muke ji a jakarsa, ta dama babu. Kakarsa ta ce a bar shi, za ta sauko da kanta in ya fara tafiya. Yanzu watansa tara.

Dakta, Runjin Sambo:
Kada ka jira ya fara tafiya. Ƙwayar da ba ta sauko ba zuwa wata shida da wuya ta sauko da kanta, kuma zamanta a cikin ciki ko matsematsi yana lalata ta saboda ɗumin jiki, sannan yana ƙara haɗarin ciwon daji a wurin in ya girma. Ana so a yi aikin sauko da ita tsakanin wata 6 zuwa 18, yaronka yana cikin lokacin da ya dace. Yau da dare, bayan an yi masa wanka da ruwan ɗumi jikinsa ya saki, ka shafa a hankali daga matsematsi zuwa ƙasa. Wasu yaran ƙwayar tana hawa ne ta sauko, irin wannan ba ya buƙatar aiki, amma likita ne zai bambance. Ko ka ji ta ko ba ka ji ba, ka kai shi wurin likitocin tiyatar yara cikin makon nan, kuma a ɗaga maganar kaciya har sai sun gan shi. Ka gaya wa Inna cikin ladabi cewa likita ne ya ce a kawo shi.

Sauran iyaye kuma, yaro ko saurayi da ya tashi da matsanancin ciwo a maraina farat ɗaya, da kumburi ko amai, ƙwayar ce mai yiwuwa ta murɗe jini ya yanke. Awa shida ake da su a ceto ta. Kada a tsaya gasawa da ruwan zafi ko jiran gari ya waye, a wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.